Jan Furen da Kawu Ya Bari a Saman Bene

Ranar da Kawu ya rasu, matakalar benensu ta kasa ɗaukar jama'a. Tsohon bene ne a unguwar Hayyus Sabi' ta birnin Alƙahira, babu asansir, wato na'urar hawa bene, su kuma suna hawa na ƙarshe. Ɗalibai suka zazzauna a kan matakala tun daga ƙasa har bakin ƙofa, duk mai hawowa sai ya riƙa cewa ma'alish, a yi haƙuri, yana ratsa gwiwoyin mutane. Ni ina ciki wajen mata, kusa da Inna, matarsa, ina jin gaisuwa tana hawowa hawa-hawa kafin mai ita ya iso.

Kowa da Kawun da ya sani. Ɗalibai suka ce shi ya tarye su a filin jirgi, shi ya nuna musu tagar da ake tsayawa wajen sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya koya musu yadda ake yi wa direban tasi magana. 'Yan kasuwar da ke zuwa sari kasuwar Ataba suka yi ta bugo waya daga Kano da Maraɗi, wata hajiya tana kuka tana cewa ita yanzu wa zai tsaya mata a gaban Bamisire. Dangin Inna, Hausawan Sudan da yaƙi ya koro, suka ce da suka iso ba su da ko bargo, ɗakinsa ya bar musu ya koma kwana a falo har suka sami wurin zama. Wani tsoho daga unguwar Darrasa, abokin karatunsa, ya ɗaga hannu ya fara addu'a da Larabci mai nauyi, a tsakiya ya koma Hausa ya ce cikin waɗanda suka shigo jirgi tare saura shi kaɗai.

Babu wanda ya ambaci saman bene. Sai bayan la'asar matar bawwab, wato mai gadin gidan, ta hawo tana haki. Ta rungume Inna, ta ce albaƙa'u lillahi, ta zauna kaɗan. Da za ta tafi ta jawo hannuna zuwa bakin ƙofa, ta tambaye ni a hankali wa zai riƙa ba shukar Hajji ruwa, don ta ga ganye ya riga ya rufe tukwane. Ta ɗan jira, ta dafa kafaɗata, ta sauka.

Waɗanda suka yi masa shaida sun faɗi gaskiya, kuma suna da yawa, za su ci gaba da faɗa. Ni wannan ɓangaren nake tsoron ya ɓace, don mu kaɗan ne muka gan shi. Shi ya sa nake rubutawa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Ya bar ƙauyenmu yana saurayi ya zo karatu Darrasa tun kafin a haife ni, bai kuma koma ba sai ziyara jefi-jefi. Karatu ya yi abin da ya samu, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, ya zama mai yi wa baƙi jagora: ɗan kasuwa ya kai shi Ataba, mara lafiya ya kai shi asibiti ya yi masa tafinta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko a gaban mutane, ko yana yi mini faɗa. Da maigidana ya sami gurbin karatu muka taho Alƙahira, gidan Kawu muka sauka, kuma ko bayan mun kama namu ɗakin a bayan layinsu kusan kullum ina can.

Ban daɗe da zuwa ba ya ce in biyo shi in ga gonarsa. Na ɗauka wasa yake. Wata siririyar matakalar ƙarfe ce mai lanƙwasa a gefen ƙofarsu, ita muka bi muka ɓulla saman bene, cikin tankokin ruwa da igiyoyin shanya. A kusurwar gabas ya jera kayansa: bokitan fenti, jarkokin da aka yanke, tsohon bahon wanki, da rabin ganga guda biyu, ɗaya da 'yar bagaruwa, ɗaya da lemun tsami. Ƙarƙashin itatuwan nan biyu ya tura sauran tukwanen, wai don su riƙa samun inuwa da rana a gauraye irin na daji. Babu komai a cikinsu sai baƙar ƙasa. Na ce Kawu ina shukar? Ya sa hannu a aljihu ya zuba mini wasu busassun ƙullutai a tafin hannu, duk a yamutse. Na ce aya ce? Ya yi dariya, ya ce shi ma haka yake kiranta, amma in na kuskura na tauna sai an kai ni asibiti. Ya ce saiwar wani furen daji ce, ɗan ƙasar nan, Misirawa suna ce masa shaƙa'iƙun nu'uman, kuma in yi haƙuri sanyi ya wuce zan gani.

Labarin yadda ya same ta ya ba ni shi ba sau ɗaya ba. Shekaru da yawa da suka wuce ya raka wani baƙo yammacin Iskandariyya, a ƙarshen sanyi, motarsu ta lalace a hanya. Ana cikin gyara ya ratse cikin wata tsohuwar gonar zaitun da ɓaure don ya kama ruwa. Ya ce kunnensa ne ya fara ji kafin idonsa ya gani. Wata ƙara ce ƙasa-ƙasa, wadda rabonsa da ita tun lokacin da yake bin kakanmu daji, kakan yana ɗaura amya a kan ɗorawa. Da ya duba gindin itatuwan sai ya ga ja, ja har inda ido ya tsaya, babu wanda ya shuka, ƙudan zuma suna ta faɗawa ciki. Ya ce ya manta da abin da ya kawo shi. Mai gonar ya tarar da shi a tsugune, suka gaisa, ya gaya masa cewa an riga an sayar da wurin, gidajen shaƙatawa za a gina. Kawu ya roƙe shi ya ba shi saiwar furen. Da zafi ya shigo ganyen ya bushe, ya sake hawa mota ya koma takanas, suka tono masa cikin hula guda.

Duk shekara in sanyi ya fara leƙowa, sai ya jiƙa ayar a kwanon shan Inna ta kwana a ruwa, Inna tana mita. Ƙasar da yake zuba musu da hannunsa yake haɗawa. A lokacin akwai manyan itatuwa a bakin titin unguwar, yakan fita da buhu bayan ya dawo daga masallaci da safe ya kwashi busasshen ganyen da suka zubar. Masu shara suna kallonsa, har suka saba, suka riƙa tara masa a gefe. Ya ce shukar daji ba ta san takin kanti ba, ruɓaɓɓen ganye ta sani. Ya ɗaure guntayen kara dami-dami ya rataya a jikin bango don ƙwari su sami gida, bakin ramukan yana kallon gabas. Ya ajiye faranti da tsakuwa a ciki da ɗan ruwa, don mai sha ya sami wurin tsayawa kada ya nutse. Maganin sauro na feshi kuwa bai yarda a hau da shi sama ba, ko a hannu aka riƙe.

Da sanyi ya fara sakin jiki, lokacin da Misirawa ke kira rabi'i, ya aiko a kira ni. Na hau na tarar sun buɗe. Ja wur, tsakiya baƙi ƙirin, da farin zobe kewaye da baƙin. Da hantsi suke buɗewa, in rana ta yi sanyi su rufe, ranar da gari ya yi gajimare ma ba sa buɗewa sam. Ga kuma ƙwarin da ke ziyartar furen, baƙinsa, haka yake kiransu. Ba irin ƙudan zuman da na sani kaɗai ba. Akwai ƙanana masu gashi-gashi, akwai wasu sirara, suna birgima a tsakiyar furen su fito buɗu-buɗu da gari, su nufi ramukan karan. Yakan zauna a kan bulo tun hantsi har azahar yana kallonsu, shayinsa ya huce a gefe.

Ɗalibai in sun hau sukan tsokane shi, su ce yaushe za a sha zumar. Sai ya ce babu zuma, furen nan ko ruwan zaƙi ba shi da shi, gari ne kawai, waɗannan ƙananan kuma ba sa tara wa kowa komai, 'ya'yansu suke ciyarwa. Su ce to mene ne amfanin wahalar?

"Da yunwa suke fitowa daga sanyi," in ji shi. "In ba su samu a nan ba, ku gaya mini inda za su samu a unguwar nan."

Sai ya ƙara musu da cewa lemun tsamin da suke matsawa a shayinsa, baƙin nan ne suka yi aikinsa. Wani lokaci kuma ya ce su ma kamar mu suke, ba su da gida a garin, sai dai su ba a tambayar su iƙama.

Bayan 'yan shekaru mahaifiyata ta rasu a gida. Fasfona yana wurin sabunta iƙama, hanyar ƙauyenmu kuma ba ta biyuwa saboda 'yan bindigar da suka cika dajin. Ta waya aka gaya mini da safe, kafin la'asar an kai ta. Na shiga ɗaki na kwanta, na daina ci, na daina magana. Maigidana ya yi lallashi ya gaji, matan ɗalibai suka zo suka yi nasiha suka tafi. Ban ko tuna cewa Kawu ma ƙanwarsa ya rasa ba, kuma shi ma ba shi da hanyar zuwa.

Wata safiya na ji sallamarsa. Bai shigo ba, bai yi mini wa'azi ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya.

"Uwata, tashi. Yau ake shuka, idona kuma ya daina gane sama da ƙasan ayar nan."

Na san idonsa lafiya lau, amma ba a ce wa Kawu a'a. Na yafa mayafi na bi shi. Ya sa ni na riƙa danna kowace ɗaya cikin ƙasa da yatsana, zurfin gaɓa biyu, shi yana rufewa. Ba mu yi maganar mahaifiyata ba har muka kai tukunyar ƙarshe. Nan ya ce suna ƙanana takan bi shi daji a ɓoye, wata rana zuma ta harbe ta a fatar ido, fuskarta ta kumbura, shi aka zane saboda ita, ita kuwa tana leƙowa da ido ɗaya tana yi masa gwalo. Ya fara dariya, dariyar ta juye, ya juya fuskarsa ga tankin ruwa kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na zauna a ƙasa hannuna duk laka, na yi kukan da na kasa yi a ɗaki. Da muka sauko Inna ta ajiye mana abinci, na ci.

Ba zan ce kowa ya so gonar nan ba. Babban ɗansa, taubashina, a nan aka haife shi, Larabci ya fi Hausa sauri a bakinsa, yana aiki a sababbin unguwannin bayan gari. Wata rana Kawu ya zame a matakalar ƙarfen da bokitin ruwa a hannu, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Ɗan ya shiga nema, ya samo musu shaƙƙa, wato sashen haya a bene, kusa da shi, mai asansir, mai tsabta. Kawu ya tambaya ko ana hawa samanta. Aka ce a kulle yake, kuma duk mako ana zagayawa da feshi a harabar gidan saboda sauro. Kawu ya ce khalas, magana ta ƙare, ya gode.

Wata ranar Juma'a ce bayan haka, ana cin abinci a gidan Kawu, akwai baƙi. Ɗan ya ajiye cokali.

"Baba, saboda ƙwari za ka karya ƙugunka? Saboda ƙwari Mama take hawa benen nan da gwiwarta?"

Kawu ya wanke hannu ya tashi. Inna ta sunkuyar da kai, kuma kowa ya san a zuciyarta tana bayan ɗanta, don shekara da shekaru tana tsayawa a kowane hawa tana hutawa kafin ta kai ƙofarta. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ga taubashina ya fi hujja. Na bi Kawu sama na tarar yana tsince busasshen ganye daga jikin lemun. Daga baya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yaron ya fi shi gaskiya, kuma maganar gwiwar Inna ita ta fi yi masa ciwo don ya san haka ne. Sai ya nuna damin karan da ke bango, waɗanda ƙwarin suka toshe bakinsu da laka. Ya ce akwai 'ya'ya a ciki suna jiran baɗi, in ya tashi za su fito su tarar da bango.

Sanyin shekarar gaba ɗaya Kawu da ɗansa ba su yi magana ba. Ɗan yakan zo ya gaida mahaifiyarsa, ya durƙusa wa mahaifinsa, Kawu ya amsa da ka. Inna ta rame a tsakaninsu. Na je wurin wannan na je wurin wancan, babu abin da na iya. Ba a kuma yi sulhu irin wanda ake tara mutane ba. Wata rana dai ɗan ya zo da mai gyaran famfo, suka ja bututu har kusurwar gabas suka sa kan famfo, don kada a sake hawa da bokiti. Kawu ya hau ya murɗa, ruwa ya zubo, ya ce tamam, ya yi daidai. Maganar tashi ba a sake ta da ita ba, Inna kuma ta ci gaba da hawa benenta tana hutawa a kowane hawa.

Sannan aka zo faɗaɗa titi. Cikin 'yan kwanaki aka sare itatuwan bakin hanya kaf, aka fara kafa gada. Na ga Kawu da safe tsaye a wurin da buhunsa a naɗe a hammata, yana kallon kututture. Masu sharan da suka saba tara masa ganye suka ɗaga masa hannu daga nesa, ba su da abin ba shi. Ya riƙa roƙon ɗalibai in sun je wata unguwa mai itatuwa su ciko masa leda, wasu su tuna, wasu su manta. Furen bai daina fitowa ba, baƙin ne suka ragu. Shekara ta zagayo suka ƙara raguwa. Yakan yini a kan bulonsa ya sauko ya ce wa Inna yau ɗaya ya gani, ita ma ba ta daɗe ba. Na tambaye shi me ya kore su. Ya ce bai sani ba, ko itatuwan ne, ko feshi ne, ko hayaƙin gada ne. Ya ce da ya san wurin da ake kai ƙara da ya kai, shi da ya san ofisoshin garin nan kamar tafin hannunsa, amma wannan babu tagar da ake tsayawa. Duk da haka da sanyi ya leƙo ya jiƙa ayarsa.

A farkon sanyin da ya wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi kwanaki a asibiti, aka dawo da shi a kan kujera, mutum huɗu suna ɗauke da shi hawa-hawa. Hankalinsa yana nan garau, harshen ne ya yi nauyi. Lokacin shuka ya zo ya same shi a haka. Ya yi ta nuna ƙarƙashin gado da hannunsa mai lafiya har Inna ta gane, ta jawo tulun da yake ajiye ayar cikin busasshen yashi. Ni na jiƙa, ni na hau. Aka ajiye masa kujera a gindin matakalar ƙarfen, ina sama ina leƙowa ina tambaya, yana ƙasa yana amsawa. Rabin abin da yake faɗa ba na ji. Akwai wata kalma da ya yi ta maimaitawa, yana buga hannun kujera, na kawo masa ruwa ya girgiza kai, na kawo ƙasa ya girgiza kai, na kira Inna ita ma ba ta gane ba. Daga ƙarshe ya rufe ido ya jingina kansa da bango. Har yau ban san me yake so ba.

Da ganye ya fara tsirowa, taubashina ya ce shi zai goya mahaifinsa ya kai shi ya gani. Muka ɗaura masa shi a baya da zanen Inna. Ya hau 'yan matakai lafiya, da suka kai lanƙwasa sai ƙafar da ta shanye ta maƙale a tsakanin ƙarafa. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu, babu yadda za a juya. Ina ƙasa ina ƙoƙarin zare ƙafar, Inna tana salati, ɗan yana riƙe da ƙarfe. Hasken ƙofar sama yana dukan fuskar Kawu, saura kaɗan. Sai ya ɗaga hannunsa ya shafa kan ɗansa, alamar ya isa. Da baya-baya suka sauko. Ɗan ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Na ɗauko masa hoto a waya, ya duba ya ture. Na sauko masa da tukunya ɗaya na ajiye a bakin taga, ya cusa yatsunsa cikin ƙasar ya bar su a nan. Bayan kwana kaɗan ganyen ya fara yin fari saboda rashin rana, ya yi mini alama in mayar da ita wurin 'yan'uwanta. Bai ga furen bana ba. Wata rana da hantsi ya rasu, Inna tana gefensa, aka kai shi wata maƙabarta a bayan gari inda babu komai sai yashi.

Na ci gaba da ba su ruwa da ka, ban san ko yana yawa ko yana kaɗan ba. Da lokacinsu ya yi suka buɗe, ba su kai na da yawa ba, amma ja ɗin yana nan yadda yake. Na zauna a kan bulonsa. Baƙi sun zo, 'yan kaɗan. Na sauko da labarin a bakina, na tsaya a gindin matakala, babu wanda zan gaya wa.

A cikin kwanakin ne magadan mai gidan suka aiko cewa za su ƙara hawa a saman benen, a kwashe komai kafin zafi ya yi nisa. Inna kuma in ta fita takaba wurin ɗanta za ta koma, wannan babu mai ja. Na shiga neman wanda zai karɓi tukwanen. Barandar ɗakinmu bango take kallo, rana ba ta taɓa sauka a kanta. Ɗalibai suka ce za su ɗauka don darajar Kawu, amma kowa na tambaya saura shekara ɗaya ko biyu ya gama ya tafi, kuma su shida-shida suke a ɗaki. Wata ta ce in tafi da su Kano mana. Kawu ya taɓa gaya mini ba za su rayu a can ba, sanyin nan suke so, kuma baƙin nan suka sani. Maigidana ma yana rubutun ƙarshe na karatunsa, mun fara maganar komawa. Sai a lokacin na lura cewa dukanmu a garin nan masu wucewa ne. Shi kaɗai ya zauna.

Furen ya zube, kawunan suka kumbura, suka fara fashewa da wani abu fari mai laushi kamar audugar rimi. Na gani, na ɗauka haka ake barinsu. Wata rana bayan azahar ina gidan Kawu, sama ta rine ta koma ruwan ƙasa, tagogi suka fara kaɗawa. Iskar khamasin ce, mai zafi mai yashi. Inna tana kan sallaya da carbi, sai na ga ta miƙe zumbur kamar an tsikare ta. Ta buɗe akwati ta fizgo wani tsohon ɗankwali, ta kama da haƙori ta yage. Ta ce mini iri ne, farin abin nan iri ne, duk shekara kafin iska Kawu yakan karɓi tsummokaran ɗankwalinta ya ɗaure kawunan ɗaya bayan ɗaya, ita ta manta sai yanzu da ta ji ƙarar taga.

Na ce ta zauna ni zan hau. Ba ta ko saurare ni ba. Matar da rabonta da matakalar ƙarfen nan an yi shekaru, ta kama ƙarfe ta hau tana nishi, ina bayanta ina tare ta. Muna tura ƙofa iska ta buge mu. Farin abin yana tashi daga tukwane kamar hayaƙi, yana haye katanga, yana bi ta kan tankoki da rufin maƙwabta ya nufi wajen gada. Na durƙusa ina ɗaurewa, ina kama wannan wancan yana fashewa, tsumman ma iska tana fizge shi daga hannuna. Inna ta bar ɗauri ta koma cafkewa a iska, tana kai hannu nan da can, mayafinta yana naɗe mata fuska. Ba mu daɗe ba. Da na ɗago, kawunan duk sun zama tsirara, sai 'yan waɗanda na samu na ɗaure.

Muka koma bayan ƙofa muka zauna a kan matakala, yashi a baki, yashi a ido. Hannunta yana dunƙule a ƙirjinta. Ta buɗe a hankali. Yawanci ƙura ce, sai ɗan farin gashi kaɗan da ya manne da gumin tafinta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ya bitti, 'yata," ta ce, "shekara da shekaru ina ba shi tsumma ina mita. Ban taɓa tambayarsa yaushe ake ɗaurawa ba."

Na karɓa na kankare a cikin kofin shayi, na rufe da faranti. Yana nan a kan firjinta. Ban san ko ya nuna ba, ban san ko zai tsira ba, ban kuma san ƙasar da zan zuba shi ba.

Allah, bawanka ya ciyar da baƙin da suka zo da fasfo, ya ciyar da waɗanda suka zo da fiffike, bai tambayi kowa lada ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka saukar da shi a inuwar da ba a sarewa. Mu da ya bari da tukwane a hannu, ka nuna mana inda za mu ajiye su.